Gyambon Kwanciya: Ina Larura Ta Tsaya, Ina Sakaci Ya Fara?

Sau da yawa ba likita ne ke fara ganinsa ba. 'Ya ce, ko mata, ko ɗan da ya zo taimakawa a sauya wa mahaifinsa zanin gado, ana juya majinyacin kan kwiɓinsa sai a ga wani wuri a ƙasan baya, daidai inda ƙashi ya fi kusa da fata, ya sauya launi, ko ya saɓule, ko ma ya riga ya rufta ya zama rami mai fitar da ruwa da wari. Mutumin nan an kawo shi ne saboda shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu, ranar da aka ba shi gado ko ƙwarzane babu a bayansa, ga shi yanzu yana ɗauke da ciwo na biyu wanda wataƙila ya fi na farkon wuyar warkewa. Abin da iyali ke fara tambaya shi ne yadda aka yi haka ta faru alhali yana hannun waɗanda aikinsu ke nan dare da rana. Tambayar da ke biyo baya, wadda ke kai wasu har ofishin lauya, ita ce ko akwai wanda ya kamata ya amsa laifi ya biya diyya.

Ba za a gane maganar shari'ar ba sai an fahimci yadda gyambon yake samuwa, domin duk gardamar da ake yi a kotu daga nan take tasowa. Fata da naman da ke ƙarƙashinta suna rayuwa ne da jinin da wasu ƙananan jijiyoyi ke kai musu, jijiyoyin da suka fi gashin kai siranta. Idan mutum ya danna farcensa zai ga ya yi fari, idan ya saki kuma launin ya dawo nan take. Farin nan jini ne ya kauce, dawowar launin kuma jinin ne ya koma. Haka abin yake ga duk wurin da nauyin jiki ya matse tsakanin ƙashi da katifa. Mai lafiya bai san ana yi ba, saboda da zarar wuri ya gaji jikinsa zai sanar da shi, ya gyara zama ko ya juya ko da yana tsakiyar barci. Wanda lakarsa ta samu rauni, da wanda ya yi doguwar suma, da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da wanda aka ba maganin barci mai nauyi, ko dai saƙon ba ya isa gare su, ko kuwa yana isa amma ba su da ikon motsawa. Jini ya yanke, nama ya rasa iska da abinci, cikin 'yan sa'o'i kaɗan sai ya fara mutuwa.

Wuraren da abin ya fi shafa sanannu ne: ƙashin da ke ƙasan gadon baya, da dunduniya, da gefen ƙugu, da idon sawu, da gwiwar hannu, da allon kafaɗa, da ƙeya, sai kuma ƙasusuwan mazaunai ga wanda ke wuni a keken marasa lafiya. Hatta kayan aikin asibiti suna haddasa shi, kamar robar iskar oksijin da ke zagaye bayan kunne ko bututun da aka bari yana danne da cinya. Bayan nauyin jiki akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Idan aka ɗaga kan gado sosai, majinyaci yakan zame a hankali zuwa ƙasa, fatarsa ta manne da zanin gado amma ƙashinsa ya ci gaba da sauka, sai jijiyoyin da ke tsakani su miƙe su lanƙwashe har su toshe. Idan aka zo gyara shi aka jawo shi a kan zani maimakon a ɗaga shi, fatar ta ƙuje. Fitsari da bayan gida da gumi suna jiƙa fata su tausasa ta har ta rasa ƙarfinta, rashin cin abinci mai gina jiki yana hana ta gyara kanta, ciwon suga da cututtukan jijiyoyin jini kuma suna rage ɗan jinin da dama yake isa.

Masana sun kasa gyambon mataki huɗu. A na farko fata ba ta fashe ba, sai dai ta yi ja, jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa. A na biyu saman fata ya saɓule ko ya yi bororo. A na uku ramin ya ratsa fata gaba ɗaya har ana ganin kitse, a na huɗu kuwa ya kai ga tsoka da jijiya, wani lokacin har ƙashi ya bayyana. Akwai kuma wanda mataccen nama ya rufe shi har ba a iya sanin zurfinsa, da wanda ya fara daga can ciki, fata tana lafiya a ido amma ta yi duhu kamar jini ya kwanta. A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai, domin yana cutar da mutane da yawa. An gina bayanin matakin farko ne a kan jan fata, kuma ja ba ya fitowa fili a jikin mai duhun fata. Abin da za a gani sai dai wurin ya fi kewayensa duhu ko ya yi sheƙi, idan an taɓa a ji ya fi zafi ko ya fi sanyi, ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima, ko majinyacin ya yamutsa fuska. Ma'aikacin da ya dogara da ido kaɗai, a ɗakin da haske bai wadata ba, zai wuce matakin da ya fi sauƙin magani bai sani ba, sai gyambo ya buɗe sannan a ce ya fito kwatsam.

Kuma ciwo ne mai kisa. Ƙwayoyin cuta sukan shiga ta ramin su kama ƙashi, ko su bi jini su gama jiki. Hukumar binciken ingancin kiwon lafiya ta Amurka ta kiyasta cewa mutum fiye da miliyan 2.5 ne ke samun wannan gyambo a ƙasar kowace shekara, kimanin 60,000 suna mutuwa sanadiyyarsa, ana kuma shigar da ƙara fiye da 17,000 a kansa duk shekara. A Birtaniya wani kiyasi na shekarar 2004 ya nuna cewa jinyarsa tana cin fam biliyan 1.4 zuwa 2.1 a shekara, wato kusan kashi 4 cikin ɗari na duk kuɗin da hukumar kiwon lafiya ta ƙasar ke kashewa a lokacin.

Gardamar ko laifin wa ne ta girmi duk waɗannan alƙaluma. A shekarar 1859 Florence Nightingale, wadda ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani, ta rubuta cewa idan majinyaci ya samu gyambon kwanciya, galibi laifin jinya ne, ba laifin cutar ba. A ƙarnin nan dai, shahararren likitan jijiyoyi na Faransa Jean-Martin Charcot ya tafi a kan cewa lalacewar ƙwaƙwalwa ko laka ce da kanta ke kashe fata, don haka gyambon alama ce ta ajali ya kusa, ba abin da za a iya yi. Ra'ayin Charcot ya daɗe yana ba mutane uzuri, har zuwa lokacin da likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, ya tilasta a riƙa juya kowane majinyaci duk bayan sa'o'i biyu, dare da rana. Mutanen da a da ake sa ran za su mutu cikin ɗan lokaci saboda gyambo da ciwon mafitsara sai ga shi sun rayu, wasu ma sun koma sana'a. Wannan ya tabbatar da cewa mafi yawan gyambon kwanciya ana iya hana shi, kuma daga nan ne ya zama abin da za a iya tuhumar mutum a kansa, domin ba a tuhumar kowa kan abin da ba shi da ikon hanawa.

Abin da ake sa ran asibiti ko gidan kula da tsofaffi zai yi a yau ba ɓoyayye ba ne. Da farko a auna haɗarin da majinyaci ke ciki tun ranar da aka karɓe shi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar a 1987, yana duba abubuwa shida: ko mutum yana jin zafin matsi, da yawan jiƙewar fatarsa, da ko yana tashi daga gado, da ko yana iya juya kansa, da yadda yake cin abinci, da yawan zamewa da gogewar jikinsa. Maki yana tashi daga 6 zuwa 23, kuma wanda ya samu 18 ko ƙasa da haka yana cikin haɗari. Bayan awo sai aiki: a duba fata a kai a kai, a juya shi bisa tsari, a jingina shi da matashi a ɗan karkace maimakon a ɗora shi kai tsaye a kan ƙashin ƙugu, a sa matashi a ƙarƙashin ƙwauri domin dunduniya ta rataye ba ta taɓa komai ba, a ba shi katifar da ke rarraba nauyi, a tsabtace shi da zarar ya ɓaci, a kula da cinsa da shansa. Sa'o'i biyu na Guttmann ba doka ba ce da ta hau kan kowa. Ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta fitar a 2014 ta ce aƙalla duk sa'o'i shida ga babban mutum da ke cikin haɗari, duk sa'o'i huɗu ga wanda ke cikin haɗari sosai, a kuma ƙara yawan juyin gwargwadon halin mutum. Ƙa'idar ta kuma hana murza wurin da ya fara sauya launi, abin da masu kyakkyawar niyya da yawa ke yi suna zaton taimako ne, alhali naman da ya riga ya wahala suke ƙara dagargazawa.

Duk da haka, adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai gyambon da ko an yi duk abin da ya kamata sai ya fito. Majinyacin da ke ɗakin kulawa ta musamman, wanda jininsa ya faɗi har ana ba shi magungunan da ke tsuke jijiyoyi domin a tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, fatarsa ce ke biyan kuɗin wannan ceto, kuma wani lokaci juya shi ma kan iya tsayar da numfashinsa. Wanda ke gargarar mutuwa fatarsa takan gaza kamar yadda ƙoda ko hanta ke gazawa; ma'aikaciyar jinya Karen Kennedy ta bayyana irin wannan gyambo a 1989, wanda ke fitowa farat ɗaya a ƙasan baya 'yan kwanaki ko makonni kafin rasuwa. Akwai kuma majinyacin da hankalinsa ke tare da shi, aka yi masa bayani, ya ƙi yarda a juya shi saboda azabar ciwo. Shi ya sa taron ƙwararru da aka yi a Amurka a 2010 ya amince cewa ba kowane gyambo ne ake iya hanawa ba, amma ya gindaya sharaɗi mai nauyi: ba a kiran gyambo da wanda ba makawa sai an nuna cewa an auna haɗarin, an tsara matakan da suka dace, an aiwatar da su, an bibiyi sakamakonsu, an kuma sauya su da aka ga ba su yi ba. A ganina wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya. Tsananin ciwon majinyaci ba ya zama uzuri da kansa, domin wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ne ya fi cancantar a ninka masa kulawa.

A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, mai neman diyya kan sakaci sai ya tabbatar da abubuwa huɗu: cewa wanda yake ƙara yana da nauyin kula da shi, cewa ya gaza sauke nauyin yadda ya kamata, cewa gazawar ce ta jawo cutarwar, da kuma cewa cutarwar ta haifar da asarar da za a iya ƙimantawa. Na farko ba a cika jayayya a kansa ba, tunda duk wanda asibiti ya ba gado nauyinsa ya hau kan asibitin. Ma'aunin hujja kuma bai kai na shari'ar laifi tsauri ba, ya isa alƙali ya gamsu cewa maganar mai ƙara ta fi kusa da gaskiya fiye da kishiyarta. A na biyu da na uku ne gizo ke saƙa.

Ma'aunin gazawa ya samo asali daga shari'ar Bolam ta 1957, inda kotu ta ce ma'aikacin lafiya bai yi sakaci ba matuƙar abin da ya yi ya dace da abin da wani rukuni na ƙwararru masu mutunci a fanninsa suke ganin daidai ne, ko da wasu ƙwararrun suna da wani ra'ayi dabam. An soki wannan ma'auni da cewa ya mai da likitoci alƙalan kansu, sai a 1997, a shari'ar Bolitho, kotun ƙoli ta Birtaniya a lokacin ta ƙara da cewa ra'ayin ƙwararrun dole ne ya zama mai karɓuwa ga hankali, in ba haka ba alƙali yana da ikon watsar da shi. A shari'ar gyambon kwanciya wannan ma'auni ba ya ba wanda ake ƙara mafaka sosai, domin da wuya a sami ƙwararren da zai tsaya gaban kotu ya ce barin shanyayye rigingine dare guda cikin fitsari hanya ce daga cikin hanyoyin jinya. Saboda haka jayayyar takan koma kan abin da ya auku a zahiri, wato an juya shi ko ba a juya shi ba.

Amsar wannan tana cikin takardu, tunda majinyacin sau da yawa ba ya iya magana, wani lokacin ma ya riga mu gidan gaskiya. Ƙwararren da lauya ya ɗauko zai zauna da fayil ya bi shi shafi shafi: an cike takardar awon haɗari ranar farko ko sai bayan mako guda? An rubuta halin fatarsa lokacin karɓarsa? An nemi katifa ta musamman, kuma yaushe ta iso? Sai takardar juyi, wadda ake sa hannu a kai duk lokacin da aka sauya masa kwanciya. Wani lokaci za a ga giɓi daga ƙarfe goma na dare har zuwa shida na safe. Wani lokaci kuma, abin da ya fi wannan muni, za a ga takardar a cike tsaf, kowane layi da alƙalami ɗaya da rubutun hannu ɗaya na tsawon sa'o'i ashirin da huɗu, har da sa'o'in da wani shafin ya nuna majinyacin yana ɗakin hoto ko ɗakin tiyata. Ma'aikatan jinya suna da wata magana da suke koya wa juna, cewa abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Maganar ba doka ba ce, domin kotu tana iya yarda da shaidar baki, amma wanda ya zo bayan shekara uku yana cewa ya tuna ya juya wani majinyaci a wani dare, alhali takarda ba ta nuna ba, yana da jan aiki a gabansa.

Ko an tabbatar da gazawa, tsugune ba ta ƙare ba, sai an nuna cewa ita ce sanadi. Shari'ar Barnett ta 1968 ita ce misalin da ake koya wa kowane ɗalibin lauya: wani mai gadi ya je asibiti a Landan yana amai bayan ya sha shayi, likitan da ke bakin aiki ya ƙi fitowa ya duba shi, mutumin ya mutu bayan 'yan sa'o'i saboda gubar da ke cikin shayin. Kotu ta yarda likitan ya yi sakaci, amma ta hana matar mamacin diyya, domin an nuna cewa ko da an duba shi maganin ba zai riske shi a kan lokaci ba. Haka lauyan asibiti zai ce game da gyambo, cewa da ciwon suga da tsufa da rashin cin abinci, ko an juya shi sai ya fito. Akwai kuma wata matsala ta lokaci da ke rikita shari'o'i da yawa. Tsoka ta fi fata saurin mutuwa idan jini ya yanke, don haka ɓarnar takan fara daga kusa da ƙashi, ta ɗauki kwana biyu ko uku kafin ta bayyana a sama. Dattijuwar da ta faɗi a ɗakinta ta kwana a ƙasa kafin a same ta, ta yi sa'o'i a kan gadon turawa a sashen gaggawa, sannan ta yi wasu sa'o'in a kan teburin tiyata, idan gyambo ya fito mata a rana ta uku, a wane wuri daga cikin waɗannan aka yi ɓarnar? Ɗakin da aka gan shi ba lallai ne ya zama ɗakin da ya jawo shi ba. Saboda irin wannan ne ƙararraki da dama suka fi ƙarfi idan an gina su a kan taɓarɓarewa: mai yiwuwa ba a iya hana matakin farko ba, amma me aka yi a makonni ukun da ya ɗauka kafin ya kai ga ƙashi?

Wanda ake kai wa ƙara galibi hukumar asibitin ce ko kamfanin da ya mallaki gidan kula da tsofaffi, domin doka tana ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata alhakin kuskuren da ma'aikatansa suka yi a bakin aiki. Ina ganin wannan shi ne daidai, kuma ba don hukuma ce ke da kuɗin biya kaɗai ba. Juya babban mutum shanyayye ba tare da an ja shi a kan zani ba aikin mutum biyu ne, a tsabtace shi, a sauya shimfiɗa, a duba fata, a rubuta. Idan ma'aikaciya ɗaya aka bari da ɗaki cike da marasa lafiya cikin dare, lissafin ba zai taɓa fita ba komai tausayinta, kuma wanda ya tsara jadawalin aikin ya san haka tun kafin dare ya yi. Rahoton Robert Francis na 2013 kan asibitin Stafford a Ingila ya nuna yadda rage ma'aikata domin tsimin kuɗi ya kai ga barin marasa lafiya cikin ƙazantarsu na dogon lokaci. Gyambon da ke bayan majinyaci sau da yawa shawara ce da aka yanke a ofis.

Ita diyyar kanta kashi biyu ce. Akwai ta asarar da ake iya lissafawa, kamar kuɗin magani da na wankin gyambo da na tiyatar dashen nama, da kuɗin katifa da mai kula, da albashin da ya tsaya, har da lokacin da ɗan'uwa ya bar aikinsa ya zauna jinya. Akwai kuma ta raɗaɗi da wahala da rasa jin daɗin rayuwa, wadda alƙali ke ƙimantawa bisa zurfin gyambon, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da tabon da ya bari. Doka ta ce wanda ya cutar da mutum zai ɗauke shi yadda ya same shi, ba zai fake da cewa dama mai rauni ne ba. Amma akwai wani rashin daidaito da ke damuna a tsarin. Waɗanda gyambon kwanciya ya fi kamawa tsofaffi ne da naƙasassu, waɗanda ba su da albashin da za a ce sun rasa, shekarun da suka rage musu kuma ba su da yawa, don haka diyyarsu takan fito kaɗan ko da azabar da suka sha ta kai maƙura. Inda aka ƙayyade diyyar raɗaɗi abin ya fi muni. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta tsayar da ita a kan dala 250,000 tun 1975, ba a ɗaga ba sai 2023. Lauyan da ke karɓar ladansa daga abin da aka ci zai duba kuɗin ƙwararrun shaidu da shekarun da shari'a za ta ɗauka, ya ga ba riba, ya ƙi karɓar ƙarar tsohuwar da aka fi zalunta.

Lokaci ma yana da iyaka. A Ingila shekara uku ce daga ranar da abin ya faru ko ranar da mutum ya san an cutar da shi, sai dai ba ta fara ƙirguwa ga yaro sai ya cika 18, ba ta kuma ƙirguwa ga wanda ba ya cikin hayyacin da zai iya tafiyar da al'amuransa. Kowace ƙasa tana da nata wa'adin, wasu ma gajere ne ƙwarai idan asibitin na gwamnati ne, kuma iyalai da yawa suna rasa haƙƙinsu ne kawai saboda sun jira baƙin ciki ya lafa.

Wasu kan ji nauyin neman diyya gaba ɗaya, suna ganin kamar jayayya ce da ƙaddara. Malaman fiƙihun Musulunci ba su ɗauki abin haka ba. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito cewa wanda ya yi aikin magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to lamuni ya hau kansa, kuma malamai sun bambanta tsakanin ƙwararren da ya yi aikinsa yadda ya kamata aka samu akasi, wanda ba a bin sa komai, da wanda ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, wanda ake bi. Wannan rarrabewa kusan ita ce wadda kotunan zamani ke yi. Yafewa haƙƙin mai haƙƙi ne kuma abin yabo ne, amma mutum ba ya yafe abin da aka ɓoye masa.

Ɓoyewar nan ce, a fahimtata, take kai mutane kotu fiye da kwaɗayin kuɗi. Iyalin da aka kira aka ce musu gyambo ya fito, ga inda muka gaza, ga abin da muke yi yanzu, da wuya su nemi lauya kamar iyalin da suka gano da kansu ranar sallama, bayan makonni ana ce musu yana samun sauƙi. Ingila ta gane haka, inda wata doka ta 2006 ta ce ba da haƙuri ba amsa laifi ba ne, sannan daga 2014 aka wajabta wa asibitoci su sanar da majinyaci ko iyalinsa idan an cutar da shi. Amurka ta bi ta hanyar aljihu: daga Oktoban 2008 shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ya daina biyan asibitoci ƙarin kuɗin jinyar gyambo mai mataki na uku da na huɗu idan a hannunsu ya samu, abin da ya sa suka fara duba fatar kowa da kyau tun a bakin ƙofa. Niyu Zilan kuwa tun 1974 ta maye gurbin irin waɗannan ƙararraki da asusun da ke biyan wanda ya ji rauni, daga 2005 kuma wanda jinya ta cutar ba ya buƙatar nuna kuskuren kowa. Kowace hanya tana da nata aibin. Tsoron ƙara yana iya sa ma'aikaci ya fi kula da cike takarda fiye da duba dunduniya, tsarin da ba ya neman mai laifi kuma yana biyan kaɗan, yana iya barin mai sakaci bai ji a jikinsa ba.

Iyalin da ke da mara lafiya a kwance suna da abin yi tun kafin a kai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ranar da aka ba shi gado su nemi a duba bayansa da dunduniyarsa a gabansu, a rubuta abin da aka gani. Su tambayi makin da ya samu a awon haɗari, da sau nawa aka tsara juya shi, da irin katifar da yake kai. Idan suka ga wuri ya sauya, su sa hannu su ji ɗuminsa, su nuna wa babbar ma'aikaciyar ɗakin nan take, su rubuta rana da sa'a da amsar da aka ba su, su ɗauki hoto da izinin majinyacin tare da ajiye wani abu mai sanannen girma a gefen wurin domin a iya gane ko yana faɗaɗa. Kafin sallama su nemi kwafin fayil, su kuma nemi a koya musu juyi da wankin gyambo da hannunsu, domin daga daren da aka koma gida su ne za su riƙa tashi cikin dare su juya shi.